Kwamfuta Uku, Ɗalibai Sittin

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, ɗaliban makarantar da nake koyarwa a cikin garin Jos suka shiga tsaka mai wuya, domin yawancinsu ranar jarrabawar ce ranar farko da za su zauna gaban kwamfuta. Ni ke ɗaukar 'yan ajin ƙarshe darasin Fiziks, kuma abin da muka mallaka bai wuce tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka guda uku ba, ɗayar ma ba ta riƙe caji.

Kuskuren farko nawa ne. Na matsa wa shugaban makaranta lamba har aka sayi majigi da ɗan kuɗin da iyaye suka tara, ashe da zarar an ɗauke wuta sai an tayar da janareta, kuɗin man kuma daga aljihuna yake fita. Abin da ya fi wannan muni shi ne, hannuna ne kaɗai a kan kwamfutar, yaran kallo kawai suke yi.

Wata safiya ta hunturu, sanyin Jos na ratsa ƙashi, na kira ɗalibar da ta fi kowa iya lissafi ta zo ta zaɓi amsa da kanta. Sai ta ɗaga linzamin kwamfutar sama tana nuna allo da shi kamar rimot ɗin talabijin. "Malam, ya ƙi motsi," in ji ta. Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi.

Daga ranar na kasa su gida uku, kowane gida da kwamfutarsa, kowa da lokacinsa bayan an tashi. Masu jiran layi na sa su zana madannan a jikin kwali, suna saba yatsunsu da A, B, C da D na amsa, da N na wucewa gaba, da P na komawa baya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, saboda haka wanda ya tsaya laluben harafi ya riga ya yi asara.

Gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Kolorado, wato gwaje-gwajen kimiyya da ake yi a kan allon kwamfuta, waɗanda kyauta ne kuma suna aiki ba tare da intanet ba, da tsakar dare nake sauke su lokacin da data ke araha, in zuba a filash. Da su yaran suka haɗa batir da ƙwan lantarki da hannunsu a kan allo, tun da ɗakin gwajinmu ba shi da kayan. Majigin kuwa yana cikin kabad ɗin ofis, sai ranar taron iyaye ake kakkaɓe masa ƙura.