Paris da ƙafa

Wanda ya ce zai ga Paris daga cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, tashoshi kawai zai gani. Garin bai kai sunansa faɗi ba, murabba'in kilomita 105 ne kacal, amma mutum sama da miliyan biyu ke cunkushe a ciki. Shi ya sa na ɗaure takalmi na bi shi da ƙafa.

Kogin Seine ne ya raba garin biyu, ya lanƙwashe kamar baka, gadoji 37 suna haɗa gaɓoɓinsa. A tsakiyar ruwan akwai tsibirin Cité, inda garin ya faro. Nan cocin Notre-Dame yake, wanda gobara ta cinye rufinsa a 2019, aka sake buɗe shi a Disambar 2024. A bakin kogin masu sayar da tsofaffin littattafai sun jera korayen akwatuna a kan katanga, da yamma su rufe da kwaɗo su tafi gida. Na daɗe a wurinsu ina jujjuya tsofaffin taswirori.

Hasumiyar Eiffel kuwa na je na ganta, mita 330 na ƙarfe tun 1889, layin masu hawa ya yi tsawo na wuce. Gara tudun Montmartre da ke arewa: daga matakalar cocin Sacré-Cœur kana hango garin a shimfiɗe, rufin kwano mai launin toka har iya ganinka. Da na gangaro ta gabas sai ga ni a Château Rouge, kasuwa cike da kuɓewa, busasshen kifi, manja da atamfa, ana ta ciniki da harsunan Bambara da Wolof.

Amma inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne Babban Masallacin Paris. An buɗe shi a 1926 domin karrama dubban sojoji Musulmi, galibi daga ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko. Mutane ne da aka ɗebo daga garuruwansu suka kwanta dama a ƙasar da ba tasu ba. Na yi alwala, na bi jam'in Azahar, na yi musu addu'a, sannan na zauna a farfajiya na sha shayin na'ana'a. Baƙi da yawa ba sa ko sa shi a lissafi, abin ya dame ni. Mai son zuwa ya hau layi na 7 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauka a tashar Place Monge, tafiyar 'yan mintoci ce.