Dashen kitse bayan tiyatar sankarar mama

Matar da aka yanke wa wani ɓangare na mama saboda sankara, ko ta warke, takan rage da wurin da ya lotsa da fatar da gashin na'ura, wato haska wurin da na'ura don kashe sankara, ya ƙandarar. A nan dashen kitse ke da amfani. Ana zuƙo kitsen jikinta daga tumbi ko cinya da siririn bututu, a tace jini da ruwa da mai, a mayar da shi inda ake bukata. Da yake nata ne, jiki ba ya ƙin sa, kuma yakan tausasa fatar da ta sha gashi.

Gwanintar tana wajen zubawa. Kitsen da aka dasa ba shi da jijiyar jini tasa, kwanakin farko daga naman da ke kewaye yake tsotsar abinci. Shi ya sa likita ke zuba shi ɗigo-ɗigo, layi bisa layi, kaurin kowanne bai wuce kamar milimita 2 ba. In aka antaya shi wuri guda, tsakiyarsa ta mutu, ya zama ƙullutu mai tauri ko jakar mai. Ko an yi daidai, jiki na iya shanye sulusi zuwa rabi, don haka akan maimaita sau 2 ko 3, da tazarar wata 3 zuwa 6. Wanda ya ce zama ɗaya zai dawo da maman da aka cire gaba ɗaya, a yi hattara da shi.

Ko yana tayar da sankara? A 1987 ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa, don tsoron ya rikita hoton mama; a 2009 ta sassauta. Binciken da ya biyo baya bai nuna ƙaruwar dawowar cutar ba. Amma duk ƙullutun da ya fito, a yi hoto, in da shakka a ɗebi nama a auna.

Mara lafiyar da ake dubawa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara tuntuɓar likitan sankararta, ba a yin dashen sai an kammala magani da gashi. Taba da shisha a bar su makonni kafin aiki. Kada a sha maganin ƙiba don tara kitse. Rigar matsi ta wurin da aka ɗebo tana da wuyar sawa a zafin Afrilu na Sakkwato, in da hali a sa ranar aikin cikin hunturu. Maman kuwa ba a matse shi, ba a gasa shi da ruwan zafi.