Filaye 270 da gebe guda

Talata, 13 ga Mayu 2025, Tawa

Tun bakwai da rabi ina ofis, don a wannan wata duk aikin da bai kankama ba kafin rana ta take, sai dai gobe. Lotisman nan na bayan gari, wato filin da aka yanka don gina gidaje, shi ne dai har yanzu a gabana: hekta 18, filayen zama 270, kowanne mita 20 a kan 20, da wurin masallaci da na makaranta da ƴar kasuwa. Taswirar ta zo mana a shirye daga hannun wani mai zane da Alhaji mai wurin ya ɗauka tun bara. Da AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, aka yi ta, kuma ba laifi, ta yi kyau a ido. Layuka a miƙe, ilo-ilo, wato rukunan filaye da tituna suka kewaye, sun jeru, kowane fili da lambarsa. Mu abin da aka ce mu yi shi ne mu ɗora hanyoyi da kanibo, wato magudanar ruwa, da bututun famfo a kai.

Sai dai zanen a shimfiɗe yake. Duk layin da ka taɓa, tsayinsa sifili. Wanda ya zana bai san ina tudu ina kwari ba, kuma bai ɗaura zanen a kan kowane ma'auni na duniya ba, ya fara ne kawai daga inda linzaminsa ya faɗa.

Mai awon ƙasa ya turo mana ɗigoginsa, wato wuraren da ya auna da tsayin kowanne, daren jiya ta WhatsApp. Da yaron da ke sitaj wurinmu ya shigar da su cikin Covadis, manhajar awon ƙasa da ke aiki cikin AutoCAD, sai suka watse, wasu ma suka ƙi shiga. Ya kira ni, "Shef, fayil ɗin nan ya lalace." Bai lalace ba. Ya biyo ta Excel na Faransanci ne, wanda ke rubuta 386,42 da waƙafi, shi kuma AutoCAD aya ya sani, 386.42. Muka buɗe shi a Notepad muka mayar da waƙafin aya. Na kuma nuna masa yadda zai gane ko an juya masa lambobi: a nan Tawa, a ma'aunin UTM, wanda ke ba kowane wuri lambar gabas da ta arewa, lambar gabas alƙaluma shida gare ta, tana farawa da 7, ta arewa kuma alƙaluma bakwai, tana farawa da 16. In ka ga mai alƙaluma bakwai ta zauna a gurbin X, wato na gabas, to an musanya su.

Bai daɗe ba ya sake kirana, wannan karon a QGIS, manhajar taswira. Filin Alhaji ya tashi ya sauka can bayan Gure. Yaron a Maradi ya yi sitaj ɗinsa na farko, ya saba da zaɓen shiyya ta 32 ta UTM. Tawa da Yamai kuwa cikin ta 31 suke, wadda ta tsaya a digiri 6 na gabas. Kuskuren lamba ɗaya ya kai fili sama da kilomita 600. Muka yi dariya, ya gyara. Ina son yaron nan don yana tambaya kafin ya ɓoye abu.

Sai da muka nemi turakun siminti huɗu na kusurwoyin filin a cikin awon, muka jawo zanen mai zanen muka juya shi har ya hau kansu, sannan Covadis ya ɗinke ɗigogin ya fito mana da fuskar ƙasa. Nan take abu ya bayyana. Layukan tsayi sun lanƙwashe sun yi tsini wajen arewa maso gabas, alamar hanyar ruwa, ta ratso ilo na 7 da na 8 a karkace ta fita ta ƙarƙashin na 12.

Awon ya tsaya ne a bakin iyakar Alhaji, amma ruwa ba daga nan yake farawa ba. Don in ga abin da ke sama, na koma QGIS na ɗora bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda kumbon Amurka ya auno a watan Fabrairun 2000. Kyauta ne, kuma suna da amfani in ka san iyakarsu. Kowane ɗigo a ciki yana wakiltar kusan mita 30 a kan 30, wato ya fi fili guda na lotisman girma, don haka ba a yanke tsayin hanya ko gindin kanibo da su. Sifilin da suke ƙirgawa daga gare shi ma ba lalle ya zama ɗaya da na GPS ɗin mai awo ba. Na sha ganin wanda ya haɗa biyun a zane guda ya samu gangare na ƙarya a daidai inda suka haɗu. Ni dai tambaya ɗaya nake yi musu: daga ina ruwan ke zuwa, kuma faɗin wurin da ke tara shi nawa ne? Suka nuna gonaki wajen hekta 30 a kan tudun, duk suna juyowa cikin geben nan.

Wajen sha biyu aka ɗauke wuta. Kwamfutar shugabanmu, wadda ita kaɗai ke da lasisin Covadis, ta yi shiru. Na ɗauki takarda da biro na yi lissafin da hannu, wanda dama shi nake fara yi kafin in yarda da kowace manhaja. Yanzu filin rairayi ne, yana shanye mafi yawan ruwan, in ce kashi 20 cikin 100 ne ke gudu. In an yi rufin kwano, an zuba siminti a tsakar gidaje, an daddaɓe hanyoyi, zai kai kashi 60. Na ɗauki ruwa mai ƙarfin milimita 90 a awa don gwaji. Hekta 18 ɗin kaɗai, yau suna ba da kubik mita 0.9 a daƙiƙa, bayan gini kuma 2.7. Tano mai lita 200 guda goma sha uku da rabi ke nan a kowace daƙiƙa. Kanibon siminti da zai ɗauki wannan, a gangaren rabin mita cikin ɗari, sai ya yi faɗin mita 1.2, ruwa ya kai zurfin santimita 90 a ciki. Ban ma sa na gonakin sama ba tukuna. Hanyar da mai zane ya bari a wurin kuwa mita 10 ce, kuma ba ta bin geben, gicciye take da shi.

Mutane kan ce ai Tawa ba ta samun ruwa mai yawa. Gaskiya ne, abin da muke samu a shekara bai kai na Yamai ba, balle Gaya. Amma namu yakan zo ne a dunƙule, awa ɗaya ya juye abin da zai juye ya wuce. Daminar 2024 ta ishe mu darasi, inda ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jiharmu na cikin waɗanda suka ji jiki.

Da wuta ta dawo na shigar da komai cikin SWMM, manhajar gwada gudun ruwan sama a kanibo. Shi da EPANET, na lissafin bututun famfo, hukumar kare muhalli ta Amurka ce ta fitar da su, ba a biyan ko dala, amma suna da tarko iri ɗaya: in ba ka canza ma'aunin gudun ruwa tun farko ba, tsawon da ka rubuta da mita sai su ɗauke shi ƙafa. Na canza, na zana kanibo yadda hanyoyin mai zane suka tilasta, kwana huɗu masu kaifi kafin ruwa ya fita. Mahaɗa ta biyu da ta uku suka yi ja, ruwa ya tumbatsa. Na sake gwadawa da kanibo guda da ke bin geben kai tsaye, komai ya wuce lafiya. Sai dai wannan hanyar za ta ci filaye 11.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a irin wannan aiki shi ne jerin da ake bi. Ana fara yanka filaye, a ƙirga su, a lissafa kuɗinsu, wani lokaci ma a karɓi kafin alƙalami, sannan a kira mai ruwa. Da awo aka fara yi, aka fitar da fuskar ƙasa, aka bar wa gebe hanyarsa, aka shimfiɗa tituna, sannan aka yanka abin da ya rage, da babu wanda zai ji an ƙwace masa wani abu. Alhaji da 259 aka ba shi tun farko, da murna zai karɓa. Manhajojin duk suna nan, kowace ta iya aikinta. An dai fara da wadda ya kamata ta zo ƙarshe.

Bayan la'asar muka hau moto da mai awo muka je wurin. A rani geben ba ya nuna kansa sosai, ɗan kwari ne da za ka iya tsallakawa ba ka lura ba. Amma rairayin cikinsa ya fi na gefe laushi da fari, saiwoyin sabara sun fito fili a bakinsa, kuma akwai wata aduwa da ledoji da karan gero suka maƙale a ƙayarta daidai gwiwata. Na sa mai awo ya ɗauki tsayin wurin. Wani dattijo da ke sassabe a gonar sama ya iso, muka gaisa, na ce, "Baba, in an yi ruwa mai yawa, ina yake bi?" Ya ɗaga sandarsa ya ja layi a iska, daga tudu har bayan aduwar. Da na duba wayata, layinsa da na QGIS ba su rabu ba. Ya ƙara da abin da babu shi a kowane fayil: bara ruwan ya kwana biyu kwance a ƙasan wurin, daidai inda aka zana makaranta.

Alhaji ya zo ofis bayan magariba. Ban nuna masa SWMM ba, don jadawali ba ya gaya masa komai. Na fitar da zanen zuwa KML na buɗe a Google Earth, filayensa a kan hoton ƙasarsa, geben da shuɗi. Ya gane aduwar da kansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Injiniya, ba a cike shi da tsakuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ana cikewa. Amma gonakin sama ba za su daina turo ruwa ba, zai nemi wata hanya, kuma cikin gidajen waɗanda suka saya daga hannunka zai same ta."

Ya tambayi ko za a rage faɗin titunan a maido ko da biyar daga cikin sha ɗayan. Na ce zan duba, amma akwai faɗin da ma'aikatar tsara birane ba za ta sa hannu a ƙasa da shi ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in buga masa zanen iri biyu, zai yi shawara da ƙanensa ranar Juma'a.

Kafin in tashi na fitar da fuskar ƙasar a LandXML, wani nau'in fayil na musayar awo, don abokin aikinmu na Yamai da ke zana hanyoyin da manhajar Civil 3D. Mun daina musayar DWG, fayil ɗin AutoCAD, a kan wannan, don abin da ɗayan ya gina, in ya isa wurin ɗayan sai ya zama gawa, ana gani ba a iya taɓawa. Na rubuta masa a saƙon: WGS84, shiyya ta 31 arewa, tsayi na mai awo ne, kada ya fara titin da ke tsakanin ilo na 7 da na 8 sai ya ji daga gare ni. Intanet ta yi ta jan ƙafa, fayil ɗin bai tafi ba sai tara saura. EPANET da bututun famfo sai an san inda titunan suka tsaya. Gobe da safe zan gwada matsar da makarantar zuwa ilo na 3, in ga ko filin wasanta zai shiga.