Abin da tsofaffin gidajen Agadas suka koya mini

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki da shirinmu na gyaran tsofaffin gidaje a Agadas, kuma akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa.

Tun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, mai gida ba shi da ikon sauya fuskar gidansa yadda ya ga dama. Unguwanni 11 ne, tsarinsu tun ƙarni na 15 da na 16, zamanin da sarautar Abzin ta zauna a garin. Baƙi hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27 suke zuwa gani. Mu kuwa aikinmu yana cikin lunguna, a gidajen laka da mutane ke kwana ciki har yau.

A ɗaya daga cikinsu ne shugabanmu ya ce a shafe katangar waje da siminti, a bi ta da launin ƙasa, saboda masu ba da kuɗi na tafe kuma yana son aiki ya yi kyau a hoto. Tsohon maginin da ke tare da mu, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, ya ajiye cebur ya ce, "Ranka ya daɗe, laka numfashi take yi. In ruwa ya shiga ta tsaga, siminti ba zai bar shi ya fita ba." Amsar da ya samu ita ce, "Baba, kai dai yi abin da aka sa ka."

Da damina ta sauka, simintin ya kumbura ya ɓalle. Na sa hannu a bayansa, tubalin ya zama kamar kunu. Kan azarar goruba ya ruɓe, rufin zaure ya lotsa, matar gidan ta kwashe 'ya'yanta zuwa maƙwabta. A rahoto sai aka rubuta sakacin magini, aka sallami dattijon. Na rubuta tawa shaidar na miƙa, aka sa ta a aljihun tebur. Tun daga nan ba a sake kirana taro ba, kuma ban yi nadama ba.

To, ga mai shigowa bayana: umarnin da ya saɓa wa magini, ka nemi a ba ka shi a rubuce. Ka duba indararo kafin ka duba ado, don yawancin ɓarna daga nan take farawa. Yaɓe kuma ba a yinsa sau ɗaya a manta.

Kada ka yi saurin zargin masu gida in ka ga bulo a tsakar gida. An hana su siminti da kwano, amma kuɗin yaɓe daga aljihunsu yake fita, ga ruwan 2024 ya ci gidaje da dama a garin. Dattijon nan yana nan yana yi wa irin waɗannan mutane gyara, wani lokaci bashi. Sunansa kuma har yanzu yana cikin rahoton.