Cefanen giyar inabi na Kirsimeti: daga Cape Town zuwa Paarl

A Afirka ta Kudu Kirsimeti a tsakiyar zafi yake faɗowa. Mu da muka tashi a Wusasa cikin hunturu muka san shi, leɓe a tsage, kowa da rigar sanyi a coci. A Cape Town kuwa rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe takwas, kuma a tsakar gida ake cin abinci, a gefen wutar gashin nama. Wannan zafin shi ne abu na farko da mai sayen giyar inabi don taro zai duba.

Yayana ya daɗe yana aiki a can, matarsa kuma 'yar ƙasar ce. Sun gayyaci mutum wajen talatin: dangin matar, 'yan Najeriya masu karatu a garin, da maƙwabta, cikinsu har da Musulmi. Aka ɗora mana cefanen abin sha ni da matar Yaya, da sharaɗin kada kwalba ta wuce rand 100.

"Auta, ku ne masu ɗanɗanawa," in ji Yaya yana ɗaukar makullin mota. "Ni tuƙi ne nawa, ko kurɓi ɗaya ba zan yi ba."

Da sassafe muka hau babbar hanyar N2, muka wuce filin jirgi da dogayen layukan gidajen kwano na Khayelitsha, sannan muka karkata hagu zuwa Stellenbosch, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka. Daf da mararrabar, matar Yaya ta nuna mini ta wajen Macassar, inda kabarin Shehu Yusuf yake, malami ɗan ƙasar Indonesiya ta yau da Turawan Holan suka koro zuwa Cape a 1694. Musulmin Cape har gobe suna kai masa ziyara. Daga nan sai gonakin inabi, kore shar, layi bayan layi har gindin duwatsu. 'Ya'yan ba su nuna ba tukuna, don girbi sai wajen ƙarshen Janairu zuwa Maris.

Stellenbosch tsohon gari ne, an kafa shi a 1679, ga fararen gidaje ga manyan itatuwa sun rufe titi da inuwa. A wata gona da ke bayan garin muka fara tsayawa. Matar da ke zuba wa baƙi ta jera mana kofuna, ta ajiye ƙaramin bokiti na tofarwa, don mai zaɓe ba haɗiya yake yi ba. A wurinta na fahimci abin da ya raba ja da mai ruwan hoda, wadda suke rubuta wa rosé a kwalba. Ruwan yawancin jan inabi ba shi da launi, a ɓawo launin yake. In an bar ruwan da ɓawonsa kwanaki ko makonni yana tsima, sai a sami ja. In an tsame ɓawon bayan 'yan sa'o'i, sai a sami ruwan hoda. Ɓawon nan da ƙwayoyin ciki su ne ke kawo baurin da ke kama harshe kamar na goro, shi ya sa ja ke da bauri, ruwan hoda kuwa kusan babu.

Na je da maganar nan tamu a kai, wai araha ba ta ado. A kan ruwan hoda dai maganar ba ta zauna ba. Abin da ke tsadar da jar giya mai suna shi ne gangar katakon oak, wadda yawanci daga Faransa ake kawowa, tana cin lita 225, ga shekara ɗaya ko biyu da giyar za ta yi a ajiye kafin ta kawo ko sisi. Ruwan hoda a tankin ƙarfe ake yin ta, cikin 'yan watanni ta shiga kwalba ta fita kasuwa. Arharta daga sauƙin aikinta ne. Abin lura ɗaya shi ne shekarar da ke jikin kwalbar: a ɗauki ta girbin bana, in ya yi nisa ta bara. Ba giyar ajiya ba ce, tana tsufa ƙamshinta na gudu.

Muka ɗanɗana wadda aka yi da Pinotage, inabin da ƙasar ke alfahari da shi. Farfesa Abraham Perold na jami'ar garin ne ya samar da shi a 1925, ta hanyar yi wa Pinot noir barbara da Cinsaut. Ruwan hodarsa tana da ƙamshin 'ya'yan itace, da ɗan tsami mai wartsake baki. Matar Yaya ta so marar zaƙi. Ni kuwa tukunyarmu nake tunani: dafa-duka, farfesun kayan ciki, naman da za a barbaɗa wa yajin ƙuli da na taho da shi daga gida. Barkono ba ya shiri da giya mai ƙarfi mai bauri, ƙara masa wuta take yi a baki, amma mai ɗan zaƙi da sanyi tana kwantar da shi. Muka raba, katan ɗaya na kwalba shida marar zaƙi, ɗaya mai ɗan zaƙi.

Daga nan muka haura mashigar dutsen Helshoogte muka gangara Pniel, ƙauyen da aka kafa a 1843 don bayin da aka 'yanta. A nan hirar motar ta sauya. Tun da aka matse inabin farko a Cape a 1659, bayi ne suka riƙe gonakin nan, har aka soke bauta a 1834. Bayan haka kuma aka daɗe ana biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da ake kira dop. Doka ta hana shi tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma har yau yankin na fama da yaran da aka haifa da lahani saboda shan da iyaye mata suka yi da ciki. Matar Yaya ta ce a 2012 ma'aikatan gona sun yi yajin aiki a De Doorns, lokacin mafi ƙarancin ladan yini rand 69 ne, aka mayar da shi 105 a 2013. Ta faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba, don akwai masu aikin gona a danginta.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni da na fito neman araha, dole in tambayi kaina a wuyan wa arhar take sauka. Wadda ta zo daga tankin ƙarfe da saurin sayarwa ba ta cuci kowa ba. Wadda ta zo daga matse mai tsinkar inabi a rana kuwa ba na son ta a teburin da za mu yi addu'a a kansa. Tun daga nan duk kwalbar da na ɗauka sai na juya bayanta, ina neman tambarin Fairtrade, na cinikin adalci, ko na WIETA, ƙungiyar da ke bin diddigin yadda ake riƙe ma'aikata a gonakin inabi. Tambari ba ya warkar da ciwon shekaru ɗari uku, amma shi ne abin da mai saye ke iya gani da idonsa, kuma mun same shi a kan kwalaben da ba su wuce ƙarfinmu ba.

Franschhoek mun ratsa ta ne kawai. Garin da Faransawa masu gudun tsanantawar addini suka zauna tun 1688, kyakkyawa ƙwarai, amma farashinsa na masu yawon buɗe ido ne.

A Paarl muka sayi ja, rana tsaka, dutsen garin yana ƙyalli, zafi kamar zai fasa kai. A nan ne hedikwatar KWV, kamfanin giyar da aka kafa a 1918 a matsayin haɗakar manoman inabi. Wani dattijo a shagon da muka shiga ya koya mana karanta kwalba. Ƙaramin hatimin da ke wuyanta shaida ce hukuma ta tabbatar da abin da aka rubuta, bisa tsarin da aka fara a 1973. In an rubuta sunan yanki, dukkan inabin daga can ya fito. In an rubuta sunan iri ko shekara, aƙalla kashi 85 cikin 100 ne. Kwalbar da ta ce Stellenbosch takan fi wadda ta ce Western Cape tsada, don ta biyun an tattaro inabinta daga faɗin lardin. Ga taron mutum talatin da ke cin nama a tsaye, ta biyun ta wadatar.

Ya hana mu Cabernet Sauvignon mai araha, ya ce yana da bauri in bai kwana biyu ba. Ya miƙo Cinsaut, ja marar nauyi da ake iya sanyayawa kaɗan, da Shiraz don masu son abin da zai tsaya wa gasasshen rago. Lissafin bai yi wuya ba: kwalba mai mililita 750 kofi biyar ce, kuma kusan rabin baƙin ba masu sha ba ne. Katan ɗaya na ja, uku-uku, ya isa.

Kan maƙwabta Musulmi da 'yan cocinmu da ba sa sha muka fi daɗewa muna shawara. Akwai giyar da aka cire wa barasa, amma takan rage da ɗan abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

"Yaya, wannan ba za mu ba su ita ba," na ce. "Ko kaɗan ne, haƙƙinsu ne."

Ya yarda nan take. Muka sayi zallan ruwan inabi mai gas, ja da fari, wanda bai taɓa tsima ba, muka ƙara da Appletiser na tuffa. Naman ma daga mahauci Musulmi aka yi odarsa, kuma aka ware wa abin shansu tebur da kula daban, nesa da na giya.

Muka biyo N1 muka dawo da yamma, kwalaben a ƙarƙashin bargo a bayan mota don kada rana ta dafa su. Ranar taron ruwan hoda mai ɗan zaƙi ce ta fara ƙarewa, tun kafin a sauke farfesu. Zoɓon da na dafa da citta da kanumfari ma bai kai yamma ba, masu sha da marasa sha duk sun yi masa layi. Shiraz kwalba biyu suka rage, matar Yaya ta ajiye su don gashin naman sabuwar shekara.