Kujerar baya mai kwanciya a tsohuwar Marsandin Baba

Marsandin Baba 300SEL ce ƙirar 1989, wato W126 ɗin nan da aka yi ta ƙerawa daga 1979 har 1991. Tun da ciwon baya ya sako shi gaba ya daina tuƙi, ni ke jan shi, kuma kafin mu kai Kwanar Dangora a hanyar Zariya ya fara mutsu-mutsu yana cewa in tsaya ya miƙe. Shi ne na ce bari in nemo masa kujerar bayan Marsandi 560SEL, irin wadda ake danna maɓalli ta kwanta.

Sati uku ina sintiri kasuwar Kofar Ruwa a nan Kano kafin wani ya sa aka turo min ita daga kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas, ta Beljiyam, fatar duk ta tsage amma injin lantarkin da ke motsa ta na aiki, mun gwada da batir a nan ƙasa tana ƙugi tana motsi.

To abin da ban sani ba sai da na gani da idona, kujerar nan ba baya take kwanciya ba. Ina za ta je? Tankin mai na nan a tsaye a bayanta, tsakaninta da but. Mazaunin ne ke zamewa gaba ya ja ƙasan majinginar, sai ka ji ka kishingiɗa. Kenan duk kwanciyar da ka yi wurin ƙafarka ka ci. Allah ya taimake ni tamu SEL ce, ta fi SE tsawo da santimita 14 kuma duk a baya aka ƙara shi, wlh da SE ce da gwiwar Baba na jikin kujerar gaba, kuɗina sun tafi a banza.

Wajen ɗaurawa ne aka kusa yin ta'asa. Ƙarfen da kujerar ke zamewa a kai bai samu inda zai kama ba, mai walda ya jawo wayarsa zai ɗana wuta, makanikena ya daka masa tsawa, "kai Malam, a jikin tanki?" Ni kam gumi ya karyo min don rabin tanki ne a ciki. Ƙarshe hudawa aka yi a hankali aka ɗaure da noti, aka sa faranti mai kauri ta ƙasa, kuma na tsaya a kansu sai da suka mayar da bel yadda yake, don mutanenmu bel ɗin baya ba ya gabansu.

Waya kuma kwana biyu ta ci. Mai rewaya ya so ya sato wuta daga fitilar ciki, na ce a'a, a ja sabuwa da fiyus ɗinta daban. Maɓallin a ƙofa yake zama, sai da aka yanka fatar ƙofar, yankan bai yi kyau ba sam, har yau in na kalla raina ɓaci yake.

Mai kushin ya rufe ta da sabuwar fata, launin ya ɗan fi na gaba haske, oho dai.

Ranar Juma'a muka gwada. Baba ya danna, ya saki, ya sake dannawa, ya ce "ja kujerar gaban nan gaba Auwalu." Na ja. Ko Kura ba mu kai ba na ji minshari.