Angels Flight, jirgin da ke hawan tudun Bunker Hill

Daga kasuwar Grand Central a birnin Los Anjeles na tsallaka titin Hill, sai ga wata ƙofa mai ruwan lemo da baƙi, bayanta layin dogo ya miƙe sama. Ƙafa 298 ne tsawonsa kacal, amma tsayin tudun ya isa ya sa mai kaya haki.

Tarago biyu ne, Olivet da Sinai. Na shiga na ƙasa, na tarar cikinsa hawa-hawa ne kamar matakala, don kujerun katakon su zauna daidai. Babu inji a jikinsa. Injin yana tashar sama yana juya igiyar ƙarfe, taragon biyu kuma suna rataye kamar guga biyu a igiya ɗaya: nauyin mai sauka na taimaka wa mai hawa. Ƙarafan dogon uku ne, na tsakiya na tarayya, sai a tsakiyar hanya su rabu huɗu a yi gilmayya. A sama ake biyan kuɗi.

Kanar J. W. Eddy ya buɗe shi ranar 31 ga Disamba 1901. A 1969, da aka rushe tsohuwar unguwar Bunker Hill, aka kwance shi da alkawarin maidowa. Taragon suka shekara 27 a ajiye.

Maidowar 1996 ce ta zo da matsala. An watsar da tsarin igiya ɗaya, aka ba kowane tarago tasa igiyar da nasa gangan naɗi, aka haɗa su da giyar inji mai haƙora. Ranar 1 ga Fabrairu 2001 haƙoran mahaɗar suka cinye, Sinai ya suɓuce ya gangaro ya daki Olivet. Wani dattijo ɗan shekara 83 ya rasu. A lokacin taragon ba su da burkin da zai kama dogo, kuma a ganina wannan ganganci ne.

A 2010 aka koma igiya ɗaya, da ta biyu ta ko-ta-kwana da burkin dogo. A 2013 tarago ya goce, bincike ya gano ana danne maɓallin tashi da reshen itace saboda burkin na yawan tsayar da jirgin. Sai 31 ga Agusta 2017 ya dawo aiki, bayan an kafa matakalar tsira ta ƙarfe a gefen layin. Ita na riƙa kallo ta taga har muka isa California Plaza, inda tashar sama take.